Girman Banki da Nauyin Alhaki: Misalin HSBC

HSBC banki ne na Birtaniya mai hedikwata a Landan, ko da yake a gaɓar tekun Sin aka kafa shi, kuma har gobe daga Asiya yake samun mafi tsokar ribarsa. A ƙarshen 2024 kadarorinsa sun kai kimanin dala tiriliyan 3, adadin da bai yi nisa da abin da tattalin arzikin Birtaniya baki ɗaya ke samarwa a shekara ba. Ma'aikatansa sun haura 200,000, abokan hulɗarsa kusan miliyan 40 ne, kuma yana aiki a ƙasashe da yankuna fiye da 50. Ribar da ya ci a wannan shekarar kafin a cire haraji ita ce dala biliyan 32.3. Hukumar da ke sa ido kan lafiyar harkar kuɗi ta duniya, mai zama a Basel, ta daɗe da sanya shi cikin 'yan bankunan da idan ɗayansu ya durƙushe zai ja sauran ƙasa tare da shi.

Idan Musulmi suka ɗauko zancen irin wannan banki, maganar takan tsaya a kan kuɗin ruwa, kuma dalilin a bayyane yake. Sai dai akwai wata tambayar da ta fi wannan wuyar warwarewa, wadda ba Musulmi kaɗai ta dama ba: idan kamfani ya yi girman da babu mutum ɗaya da ya san duk abin da ke gudana a cikinsa, sannan aka yi ɓarna da sunansa, alhakin yana wuyan wa? Addinai da falsafar ɗa'a duk a kan mutum suka gina hisabi, mutum mai suna, mai niyya, mai iya nadama. Banki kuwa suna kaɗai gare shi. HSBC ya fuskanci wannan tambaya fiye da sau ɗaya, kuma a bainar jama'a.

An kafa shi a 1865. Thomas Sutherland, wani ɗan Sikotilan da ke aiki da kamfanin jiragen ruwa na P&O a Hong Kong, shi ya haɗa kan manyan 'yan kasuwar tsibirin suka tara jarin dalar Hong Kong miliyan 5. Aka buɗe a Hong Kong a watan Maris, reshen Shanghai ya biyo baya da wata guda, daga nan sunan Hongkong and Shanghai Banking Corporation ya samo asali. Fataken Turai masu sayen shayi da siliki a Sin suna buƙatar bankin da ke zaune kusa da su, wanda zai ba su lamuni ya kuma canza musu kuɗi ba sai an jira umarni daga Landan ko Bombay ba.

Amma ba shayi da siliki kaɗai ake ciniki ba. Hajar da ta fi kawo kuɗi a wancan zamani ita ce ofiyom, ƙaron wani fure mai bugarwa da ake nomawa a Indiya ana kai wa Sinawa. Sarakunan Sin sun hana shigo da shi, Birtaniya ta yaƙe su a kan haka daga 1839 zuwa 1842, kuma da wannan yaƙin ta karɓe Hong Kong. Yaƙi na biyu, daga 1856 zuwa 1860, ya tilasta wa Sin halasta cinikin. Cikin gidajen kasuwancin da suka zauna a kwamitin kafa bankin akwai Dent da Sassoon, waɗanda suka yi fice a wannan fatauci. Lokacin da bankin ya buɗe, sayar da ofiyom bai saɓa wa dokar ko ɗaya daga ƙasashen biyu ba. Dokar dai da bakin bindiga aka kafa ta.

Ko kamfanin yau yana da wani nauyi a kan wannan asali? Ƙa'idar Musulunci ita ce wani ba ya ɗaukar zunubin wani, don haka ma'aikaciyar da ke zaune a ofishin Birmingham babu ruwanta da abin da fataken 1865 suka aikata. To amma shari'a ta raba zunubi da bashi. Zunubi yana bin mai shi kabari, bashi kuwa dukiya yake bi, ba a raba gado sai an sauke shi. Kamfani kuma ba ya mutuwa balle a raba gadonsa. Shi da kansa yake alfahari da cewa shi ne dai wanda aka kafa a 1865, yana nuna wannan daɗewa a matsayin shaidar riƙon amana. Wanda ya riƙe tsohon suna don ya ci moriyarsa, da wuya ya ce ɓangaren tarihin da bai yi masa daɗi ba na wasu ne. Wahalar tana wajen sanin wanda za a biya bayan ƙarni ɗaya da rabi, kuma a irin wannan hali malaman fiƙihu sun fi karkata ga cewa haƙƙin da ba a san mai shi ba a mayar da shi ga talakawa da maslahar jama'a.

Bankin ya girma tare da daular Birtaniya a gabas. Shi ya shirya bashin farko da gwamnatin Sin ta ci a kasuwa a 1874, ya zama ma'ajin gwamnatin Hong Kong, yana kuma fitar da takardun kuɗin yankin, aikin da har yau yake yi tare da Standard Chartered da Bank of China. Japan ta mamaye Hong Kong a 1941, babban manajansa Vandeleur Grayburn ya mutu a tsare a 1943. Da 'yan gurguzu suka karɓi mulkin Sin a 1949, kasuwarsa ta can ta rufe kusan gaba ɗaya, sai ya koma sayen wasu bankuna. A 1959 ya sayi Mercantile Bank da British Bank of the Middle East, a 1965 ya mallaki rinjayen hannun jarin Hang Seng, a 1980 ya karɓi kashi 51 na Marine Midland da ke jihar New York, ya cike sauran a 1987. Babban cinikin shi ne na Midland Bank a 1992, wanda ya sa hedikwata ta koma Landan a 1993, shekara huɗu kafin Birtaniya ta miƙa wa Sin Hong Kong. Daga nan sai CCF na Faransa a 2000, Bital na Mekziko a 2002, da Household na Amurka a 2003. Waɗannan biyun na ƙarshe su suka jawo masa manyan fitintinu.

Kafin a zo kansu, ya kamata a fahimci cewa tiriliyan ukun nan ba dukiyar bankin ba ce. Fiye da rabi, kimanin dala tiriliyan 1.6, kuɗin ajiyar jama'a ne da kamfanoni. Wani babban kaso bashi ne da ya ci a kasuwa da kuma wajen sauran bankuna. Abin da masu hannun jari suka mallaka da gaske bai kai dala biliyan 200 ba, wato kusan 6 cikin 100. Da waɗannan kuɗaɗe ya ba da rancen da ya haura dala biliyan 900, ya sayi takardun bashin gwamnatoci, ya kuma ajiye wasu a manyan bankunan ƙasashe. Ke nan cikin kowace dala 100 da yake juyawa, kusan 94 na wasu ne, kuma da darajar kadarorinsa za ta faɗi da kashi 6 ko 7, jarin masu shi ya ƙare. Wannan ba aibin HSBC ba ne shi kaɗai. Haka ake gina kowane banki, hasali ma shi ana lissafa shi cikin masu taka-tsantsan.

Mai kai kuɗinsa banki yana ganin ajiya ya bayar, amma doka ba haka take gani ba. Tun 1848 kotun ƙoli ta Ingila, a shari'ar Foley da Hill, ta yanke cewa kuɗin da aka sa a banki sun zama na bankin, mai su kuma ya zama mai bin bashi. A nan fiƙihu da dokar Ingila sun haɗu. Ajiya a shari'a ba a taɓa ta, kuma idan ta salwanta ba da sakacin mai riƙon ba, babu biya. Abin da aka ba mutum ya juya yadda ya so, bisa sharaɗin zai mayar da kwatankwacinsa ko ya ci riba ko ya faɗi, rance ne ko da an kira shi ajiya. Daga wannan fahimta hukuncin ya biyo: duk ƙarin da aka sharɗanta a kan rance kuɗin ruwa ne.

Kuma kuɗin ruwa shi ne ƙashin bayan samun bankin. A 2023 kuɗin shigarsa sun kai dala biliyan 66.1, daga ciki biliyan 35.8 bambanci ne tsakanin ruwan da ya karɓa da wanda ya biya. Ribarsa ta tashi daga biliyan 8.8 a 2020 zuwa biliyan 30.3 a 2023, ba don ya ƙirƙiro wata sabuwar sana'a ba, sai don manyan bankunan Amurka da Ingila sun ɗaga farashin bashi domin yaƙar hauhawar farashin kaya. Ruwan da yake karɓa daga masu cin bashi ya hau da sauri, wanda yake biyan masu ajiya ya hau a hankali. Sauran kuɗin shigar suna fitowa ne daga ladan hidima: canjin kuɗi, lamunin fataucin ƙasa da ƙasa, kula da dukiyar attajirai, da inshora.

Haramcin kuɗin ruwa ya zo a ƙarshen Suratul Baƙara, daga aya ta 275 zuwa ta 279, kuma babu saɓani a kan asalinsa. Saɓanin zamani yana kan ko ruwan banki ya shiga ciki. Taron malamai na Azhar a 1965 ya ce ya shiga, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta tabbatar da haka a 1985. Shaihu Muhammad Sayyid Ɗanɗawi, lokacin yana Muftin Masar, ya ba da fatawa a 1989 da ta halasta ribar wasu takardun ajiya na gwamnati, yana kallon mai ajiya a matsayin mai zuba jari da ya wakilta banki, an kuma ƙayyade masa riba da yardar juna. Mafi yawan malamai ba su karɓa ba. Hujjarsu ita ce a ƙiradi ana raba riba ne bisa kaso, rabi ko sulusi, asara kuma tana kan mai dukiya. Da zarar an lamunce masa uwar kuɗi aka kuma yanka masa adadi, ƙiradi ya ɓaci. Ba Musulunci kaɗai ya yi wannan jayayya ba. Aristotal ya ƙyamaci kuɗi ya haifi kuɗi, Cocin Katolika ta tsananta hani a taron Lateran na 1179, sai a ƙarni na 16 John Calvin ya sassauta ga bashin kasuwanci. Masana tattalin arziki na yau suna kare ruwan a matsayin farashin jira da na kasada da kuma diyyar faɗuwar darajar kuɗi.

A ƙarƙashin hujjar malamai akwai ƙa'idar da ta fi batun kuɗin ruwa faɗi, wato mai cin amfanin abu shi ke ɗaukar asararsa. Bahaushe ya faɗi irinta da ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da wannan ma'auni ake iya auna abin da ya wuce siffar yarjejeniya, har a kai ga tsarin kamfanin kansa.

HSBC ya gwada shiga kasuwar Musulmi. A 1998 ya buɗe sashen HSBC Amanah, yana cikin manyan bankunan Yamma na farko da suka yi haka. Sashen ya yi ciniki da murabaha da ijara, ya kuma jagoranci sayar da sukuk na dala miliyan 600 da gwamnatin Maleshiya ta fitar a kasuwar duniya a 2002. A 2012 aka rufe shi a Birtaniya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da wasu ƙasashe, aka bar shi a Maleshiya da Saudiyya, saboda lissafin riba bai ba da abin da ake so ba. Malamai sun saɓa a kan irin wannan taga a cikin bankin ruwa. Wasu sun halasta idan an raba kuɗaɗen kuma akwai kwamitin shari'a mai sa ido, wasu suna ganin rabuwar ta takarda ce. Babban bankin Ƙatar ma ya hana tagogin a 2011. Ko wane ra'ayi aka ɗauka, taga tana gyara siffar ciniki ne kawai, ba ta taɓa batun wanda zai amsa laifi.

Sai a koma ga fitintinun nan biyu. Household kamfani ne da sana'arsa a lokacin ita ce bai wa masu ƙaramin ƙarfi bashi da ruwa mai tsada. 'Yan watanni kafin HSBC ya saye shi a kan kusan dala biliyan 14, ya amince ya biya dala miliyan 484 don kashe ƙarar da jihohin Amurka suka yi a kan yaudarar masu cin bashi. A Fabrairun 2007 HSBC ya zama cikin manyan bankunan farko da suka sanar da asara a bashin jinginar gidaje, abin da ya zama mafarin rikicin kuɗi na 2008. Ya yi asarar biliyoyin daloli, ya rufe rassan kamfanin a 2009, ya kuma nemi fam biliyan 12.5 daga masu hannun jarinsa. Bai karɓi jarin ceto daga gwamnati ba, saɓanin Royal Bank of Scotland da Lloyds, kuma wannan abin a yaba ne: asarar ta faɗa kan waɗanda suka ci ribar. Amma ba dukkanta ba. Iyalan da aka ƙwace wa gidaje sun ɗauki nasu kason, kuma bankin ya ci gajiyar yaƙinin da kasuwa ke da shi cewa babu gwamnatin da za ta bari irinsa ya faɗi. Wannan yaƙini yana sa ya ci bashi da rahusa fiye da ƙananan bankuna, lamuni ne da masu biyan haraji suka ɗauka ba tare da an tambaye su ba.

Batun Mekziko ya fi tsanani. A Yulin 2012 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ƙarƙashin Sanata Carl Levin ya fitar da rahoto cewa reshen Mekziko ya aika tsabar kuɗi dala biliyan 7 zuwa Amurka tsakanin 2007 da 2008, ba tare da an bincika tushensu yadda ya kamata ba. Ma'aikatar shari'a ta ce aƙalla dala miliyan 881 na dillalan miyagun ƙwayoyi, har da gungun Sinaloa, sun bi ta bankin, kuma dillalan sun kai ga ƙera akwatuna daidai faɗin tagar karɓar kuɗi. An kuma same shi da ɓoye hada-hadar kimanin dala miliyan 660 ta ƙasashen da Amurka ta sa wa takunkumi, irin su Iran da Sudan da Libiya. A Disamba bankin ya amsa laifin sakaci, ya biya tarar dala biliyan 1.9, aka jingine gurfanar da shi na shekara biyar, aka kuma janye tuhumar a ƙarshen 2017. Tarar ba ta wuce ribar 'yan makonni ba. Babu babban jami'in bankin ko ɗaya da aka gurfanar.

Ba a ɓoye dalilin ba. A Maris 2013 ministan shari'a Eric Holder ya shaida wa majalisa cewa girman wasu bankuna yana sa gurfanar da su ya yi wuya, saboda tsoron abin da zai sami tattalin arziki. Wani rahoton majalisar wakilai na 2016 ya nuna cewa ministan kuɗin Birtaniya George Osborne ya rubuta wa mahukuntan Amurka yana gargaɗi a kan haka tun kafin a yanke shawara. Duk wanda ya san hadisin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, wadda Usama ɗan Zaidu ya nema wa ceto, zai tuna cewa Annabi (SAW) ya danganta halakar al'ummomin farko da ƙyale mai daraja da hukunta mai rauni. Sai dai adalci ne a lura da bambanci. A can alfarma ake nema, a nan kuwa akwai cutar gaske da ake gudu. Da an same shi da laifi a kotu, bankin zai iya rasa lasisin hada-hadar dala, kuma Amurkawa ba su manta yadda tuhumar kamfanin binciken lissafi na Arthur Andersen a 2002 ta raba dubban marasa laifi da aikinsu ba. Zaɓar mafi sauƙin cuta biyu ƙa'ida ce da fiƙihu ma ya yarda da ita. Raunin hujjar shi ne kamfani take karewa, ba mutane ba. Ɗaure jami'in da ya kau da kai ba zai rusa kasuwar duniya ba. Sannan idan abu ya yi girman da hukunci ba ya iya taɓa shi, girman kansa ya zama kafar ɓarna, kuma toshe kafa asali ne sananne a mazhabar Malikiyya.

Tushen matsalar yana ga yadda doka ta mayar da kamfani tamkar mutum. Dokokin Birtaniya na tsakiyar ƙarni na 19 sun taƙaita asarar mai hannun jari ga abin da ya zuba, shari'ar Salomon ta 1897 kuma ta tabbatar da cewa kamfani daban, masu shi daban. Kafin wannan tsari ya game bankuna, abin ba haka yake ba. Da City of Glasgow Bank ya rushe a 1878, an bi masu hannun jarinsa har gida, mafi yawansu suka tsiyace, aka kuma ɗaure daraktocinsa. Tsananin wannan hukunci shi ya sa bankuna suka rungumi taƙaita alhaki, kuma gaskiya ne cewa ba don shi ba da ba a tara jarin gina layin dogo ko jiragen ruwa ba, domin ba mai zuba kuɗinsa inda za a iya sayar masa da gida saboda kuskuren wanda bai taɓa gani ba. Malaman zamani, ciki har da Mufti Taƙi Usmani na Pakistan, sun nemo wa kamfani misali a wakafi da baitulmali, waɗanda ke mallaka suna kuma cin bashi alhali ba mutane ba ne, Majalisar Jidda kuma ta amince da kamfani mai taƙaitaccen alhaki a 1992. Ƙiyasin yana da ƙarfi a ɓangaren dukiya, amma yana da giɓi. Wakafi yana da mai kula da shi sananne, wanda alƙali zai kira da sunansa ya tuhume shi, ya tsige shi idan ya yi ha'inci. A babban banki kuwa shawara tana bi ta kwamitoci da rassa da sassan bin doka, har ta kai kowa ya sa hannu a wani yanki amma babu wanda ya sa hannu a kan duka.

Tarar da kamfani ke biya ta yi kama da tsarin da shari'a ta yi na diyyar kisan kuskure, inda dangin mai laifi ke haɗa kuɗi su biya, wanda Sayyidina Umar ya faɗaɗa ya ɗora wa abokan rajistar soja. Masu hannun jarin HSBC, da yawansu asusun fansho ne da tsofaffin Hong Kong masu dogaro da rabon riba, su suka biya tarar 2012 alhali ba su san komai ba. Shari'a ta yarda da irin wannan tarayya, amma a kuskure kaɗai. Ganganci mai shi ke ɗauka, domin da dangi za su riƙa biya masa, ba abin da zai hana shi maimaitawa. Goge sunan Iran daga saƙon biyan kuɗi don kada na'urar bincike ta gano ba kuskure ba ne.

Ba kuma za a ce rashin mutanen kirki a sama ne ya jawo ba. Stephen Green, wanda ya shugabanci bankin daga 2003 zuwa 2010, da farko a matsayin babban jami'i daga baya shugaban hukumar daraktoci, limamin Cocin Ingila ne, ya kuma rubuta littattafai a kan imani da dukiya. A zamaninsa abubuwan Mekziko suka faru, haka nan abubuwan reshen Suwizalan da suka fito fili a 2015 daga bayanan da tsohon ma'aikaci Hervé Falciani ya kwashe, inda aka ga yadda aka taimaki wasu attajirai ɓoye dukiya daga haraji. Ba a tuhume shi da laifi ba. Misalinsa yana nuna iyakar kyawun niyya: tsarin bankin a lokacin ya bar kowane reshe yana cin gashin kansa, kuma tsoron Allah na mutum ɗaya a Landan ba ya kaiwa tagar karɓar kuɗi a Culiacán ta Mekziko. Amma rashin sani uzuri ne mai rauni ga wanda ya karɓi albashi da lada bisa ribar da wannan tagar ta kawo.

Malikiyya suna da wata mas'ala da ta dace da nan, ta lamunce masu sana'a. A asali, maɗinki ko marini amintacce ne, ba ya biyan kayan da suka ɓata a hannunsa. Amma da aka ga jama'a ba su da makawa sai sun miƙa musu kaya, kuma mai kaya ba shi da hanyar sanin abin da ya faru a cikin shago, sai aka juya nauyin hujja: mai sana'a zai biya sai in ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. Birtaniya ta kusa ɗaukar irin wannan mataki. Tsarin da ya fara aiki a 2016 ya wajabta wa kowane babban jami'in banki takardar da ta fayyace abin da ke wuyansa, ya kuma ba da damar jinkirta ladansa na shekaru ko ƙwato shi. A daftarin farko, jami'in ne zai tabbatar da cewa ya yi iya ƙoƙarinsa. Kafin dokar ta fara aiki aka cire wannan sashe, nauyin hujja ya koma kan hukuma. An kuma tilasta wa manyan bankuna killace kuɗin ajiyar talakawa daga harkokin kasada, abin da ya sa HSBC ya kafa reshensa na Birtaniya a Birmingham a 2018, aka kuma ƙara yawan jarin da dole su riƙe.

Girma yana da wata fuskar, ta biyayya ga hukumomi masu karo da juna. A 2020 shugaban bankin na Asiya, Peter Wong, ya sa hannu a takardar goyon bayan dokar tsaron da Beijing ta kafa wa Hong Kong, a ƙarshen shekarar kuma aka daskarar da asusun tsohon ɗan majalisa Ted Hui da ya yi gudun hijira. Babban jami'in bankin na lokacin, Noel Quinn, ya shaida wa 'yan majalisar Birtaniya cewa bankin ba shi da zaɓi sai bin umarnin 'yan sandan wurin da yake aiki. Hujjar ita ce dai ta zamanin ofiyom, cewa doka ta halasta. Addini bai taɓa ɗaukar dokar mai mulki a matsayin ƙarshen magana ba, amma mutum ne ke iya ƙin bin umarni ya ɗauki sakamakon, kamfanin da ke riƙe da ajiyar miliyoyin mutane a wannan birni kuwa ƙinsa su zai fara shafa.

Tun 2011 bankin yake rage faɗinsa. Daga ƙasashe fiye da 80 ya sauko, ya sayar da reshen Brazil a 2016, ya bar ƙananan harkoki a Amurka daga 2021, ya rabu da Kanada da Ajantina da rassan Faransa a 2024. Duk da haka kadarorinsa sun ƙaru daga kusan dala tiriliyan 2.5 zuwa 3. Kamfanin inshora na Sin, Ping An, wanda ke cikin manyan masu hannun jarinsa, ya nemi a ware ɓangaren Asiya, amma taron masu jari na Mayun 2023 ya ƙi. Watanni biyu kafin nan, da Silicon Valley Bank ya rushe a Amurka, gwamnatin Birtaniya da babban bankinta sun shafe ƙarshen mako suna neman wanda zai ɗauki reshensa na Landan kafin a buɗe kasuwa ranar Litinin. HSBC ne ya saye shi a kan fam ɗaya, aka kuɓutar da kuɗin masu ajiya ba tare da an taɓa baitulmali ba.